Mutane na ƙaruwa, daji na raguwa: jawabi a taron makiyaya

 

An ce in yi magana kan yawan jama'a da arzikin ƙasa. To, mu fara da lissafi. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ƴan kai a Nijar. Ta 1988 ta sami miliyan 7, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 kuma miliyan 17. Cikin shekara 35 mun ninka sau uku, har da ɗori. Ƙasa kuwa tana nan yadda Allah ya shimfiɗa ta.

Haihuwa arziki ce, ba wanda ya zo nan don ya zagi ƴaƴan wani. Tambayata ita ce: in gida ya cika, wace ƙasa ake ci? Manomi mai ƴaƴa maza biyar, gonar da ya gada ba za ta ishe su ba. Ba zai shiga gonar maƙwabcinsa ba, don tana da mai ita, tana da shaidu. Sai ya dubi maƙiyaya, ya dubi burtali, ya dubi bakin tafki, ya ce dajin Allah ne. Bana kunya biyu, baɗi kunya goma. Burtalin da garke ke wucewa a sake, yau sai saniya ta bi bayan saniya, kuma in ta miƙa wuya ta ci zangarniya ɗaya, an kira ta ɓarna.

Dattawan da ke nan sun san lokacin da manomi ke roƙonmu mu sauka gonarsa bayan girbi don taki, har ya ba da damin hatsi. Yanzu shi ma yana da tumaki da shanun huɗa, kara da harawa kwashe su yake ya kai gida, ko ya sayar. Ban ga laifinsa ba. Amma zumuncin da taki ya ƙulla ya kwance, kuma mun ga inda rashin magana ke kaiwa: a Toda, cikin jihar Maradi, a 1991, an kashe mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Allah ya jiƙansu.

Doka ba ta manta da mu ba. Tun 1961 aka ja iyakar noma ta arewa, aka ce abin da ke bayanta na kiwo ne. Ku je kwarin Tarka, wajen Dakoro, ku ga inda gero ya kai yau. Dokar karkara ta 1993 ta san mazaunin asali na makiyayi, ta ba shi fifiko kan ruwa da ciyawar wurin. Dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne, ta hana wani ya mallake ƙasar kiwo shi kaɗai. Sai dai takarda ba ta tsare burtali in ba a kafa masa alama ba.

Masu cewa mu zauna wuri ɗaya, su tuna farin 1973 da na 1984. Ruwan Sahel yau nan, gobe can. Garken da ke tafiya yana barin ciyawa ta huta ta zubar da iri. Wanda aka tsare gindin rijiya ɗaya shi ke mai da wuri fako.

Mu ma da namu. Wasunmu sun yi gona a kan hanyar da kakanninsu suka bi. Wasu na sassare gawo har ya mutu, alhali manoman Maradi da Damagaram sun raya itatuwa cikin gonakinsu ta hanyar barin toho, kuma ƴaƴan gawon nan dabbobinmu ke ci da rani.

Abin da nake roƙo: a kwamitin kula da ƙasa na kowace karkara akwai kujerar makiyaya. Kada a bar ta wofi don mun tafi mashekari. Kowace rugga ta zaɓi mutum ɗaya da zai tsaya, wanda ya san burtali tun daga bakinsa har mashaya, ya sa a auna shi, a rubuta, a dasa alama kafin shukar bana. Sunayen, a ba magatakarda kafin mu watse.