Jan-baki da Giwa

Manomin shinkafa a Kebbi da manomin masara a gefen dajin Yankari kukansu ɗaya ne: ɓarnar gona. Sai dai masu ɓarnar sun sha bamban. Tsuntsun jan-baki nauyinsa kusan giram 20 ne kacal, toron giwa kuwa yakan kai tan 6.

Wajen haihuwa ne labarin ya juye. Jan-baki takan saka ƙwai uku, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 10 zuwa 12, har an ƙiyasta yawansu a Afirka ya kai biliyan 1.5. Shi ya sa jirage suke feshin guba shekara da shekaru, amma tsuntsayen suna dawowa kamar hadari, gubar kuma tana hallaka shaho da sauran waɗanda ba ruwansu. Giwa fa? Cikinta wata 22 ne, ɗa ɗaya tal, sai bayan shekara huɗu ko biyar ta sake haihuwa. Maharbi ɗaya mai kwaɗayin haure ya isa ya gurgunta garke guda.

A 2021 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta ƙara matsayin haɗarin da giwayen Afirka suke ciki. Na Yankari ba su wuce ɗari da 'yan kai ba.