Hawan jini ba ya sallama

Jama'a, hawan jini, wanda ake kira tansiyon, yana iya shekaru a jikin mutum babu ko ciwon kai, sai ran da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza, a ɗora wa mayu laifi. Awo kaɗai ke tona shi: in ya kai 14/9 a ranaku biyu dabam, magana ta koma ga likita. A 2023 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce kusan rabin masu ciwon ba su san suna da shi ba. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, kuma dunƙulen miya da kanwar kunun mai jego duk suna cikin lissafi. Wanda aka ɗora bisa magani, kada ya daina don ya ji sauƙi.