Amurka da Isra'ila: Tilas Ce ko Ganin Dama?



An nemi in yi magana a kan goyon bayan da Amurka ke ba Isra'ila da muhawarar da ake tafkawa a kansa. Na san da yawa a wannan zaure sun zo da amsarsu a shirye, wadda muke ji kullum a teburin mai shayi da shirye-shiryen rediyo: Yahudawa ne ke juya Amurka, magana ta ƙare. Ni ban gamsu da wannan amsa ba, kuma ba don in kare kowa ba. Aibinta shi ne tana wanke Amurka. Duk wanda aka ce juya shi ake yi, an sauke masa alhakin abin da hannunsa ya aikata. Abin da nake so in nuna yau shi ne Amurka da ganin damarta take tafiya, kuma a lokutan da shugabanninta suka ce wa Isra'ila ta tsaya da gaske, ta tsaya.

Ranar 14 ga Mayun 1948 aka ayyana kafuwar Isra'ila, kuma minti 11 kacal ya ɗauki Shugaba Harry Truman kafin ya amince da ita. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sakataren harkokin wajensa, Janar George Marshall, ya yi adawa da matakin, saboda man Larabawa da tsoron kada a tura su hannun Tarayyar Sobiyet. Amincewar ma ba ta zo da bindiga ba. Amurka ta sa wa yankin takunkumin makamai, don haka makaman da Isra'ila ta yi yaƙin 1948 da su, yaƙin da ya raba Falasɗinawa kimanin 700,000 da gidajensu, da yawansu daga Cekosulobakiya suka fito, da yardar Mosko. Daga baya Faransa ta zama babbar mai ba ta makamai. Jiragen Mirage da ta yi yaƙin 1967 da su na Faransa ne, kuma Faransawa ne suka taimaka mata gina tashar nukiliya ta Dimona.

Ku riƙe shekarar 1956 da kyau. Gamal Abdel Nasser ya mayar da mashigin Suwez mallakar Masar, sai Ingila da Faransa da Isra'ila suka haɗa baki suka auka masa a ƙarshen Oktoba, saura kwanaki kaɗan a yi zaɓen shugaban ƙasa a Amurka. Dwight Eisenhower yana neman wa'adi na biyu, amma bai yi lissafin ƙuri'a ba. Ya matsa wa Turawan biyu lamba har suka janye, ya nuna wa Firaministan Isra'ila David Ben-Gurion cewa takunkumi na tafe, kuma a watan Maris na 1957 sojojin Isra'ila suka fice daga Sina'i da Zirin Gaza. Zaɓen kuwa Eisenhower ya lashe shi da gagarumin rinjaye. Yahudawan Amurka suna nan a lokacin, ba su yi ƙaura ba.

To me ya sauya? Yaƙin kwana shida na Yunin 1967. A cikin mako guda Isra'ila ta doke Masar da Siriya, waɗanda Sobiyet ke ba makamai, ta kuma karɓe Gaɓar Yamma da gabashin Birnin Ƙudus daga hannun Jordan. A idon masu tsara manufofi a Washinton, ga ƙaramar ƙasa ta kunyata makaman abokin gaba ana tsakiyar yaƙin cacar baka. A 1968 Lyndon Johnson ya yarda a sayar mata da jiragen Phantom. A yaƙin Oktoban 1973, da Masar da Siriya suka shammace ta, Richard Nixon ya sa aka yi ta jigilar makamai ta sama har ta farfaɗo. Ƙasashen Larabawa suka rama da takunkumin mai, farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu. A nan labarin ya taɓa mu kai tsaye: kuɗin man da ya kwararo Najeriya a zamanin Janar Gowon, har aka yi ƙarin albashin Udoji, yana da alaƙa da wancan yaƙi. A wannan Oktoba ne kuma Najeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila, ba a mayar ba sai 1992 a mulkin Janar Babangida.

Bari mu zo ga kuɗi, don a nan ake yawan yin zuƙi-ta-malle. Yarjejeniyar da ake aiki da ita an sa mata hannu ne a 2016, zamanin Barack Obama, wanda kowa ya san ba sa ga maciji da Benjamin Netanyahu. Ta tanadi dala biliyan 38 cikin shekara 10, daga 2019 zuwa 2028. Kowace shekara biliyan 3.3 na sayen makamai, miliyan 500 kuma na na'urorin kakkaɓo makamai masu linzami irin su Iron Dome. Abin lura shi ne mafi yawan kuɗin nan ba sa barin Amurka. Kamfanoninta irin su Lockheed Martin da Boeing ake biya, su ƙera jirage da bama-bamai su aika. A da an yarje wa Isra'ila ta kashe kimanin kashi ɗaya cikin huɗu a masana'antunta na gida, yarjejeniyar 2016 ta ce a riƙa rage wannan har ya ƙare. Ke nan ɗan majalisar da ke da masana'antar makamai a mazaɓarsa yana da dalilin kansa na ɗaga hannu, ko da bai taɓa taka Tel Abib ba. Akwai kuma dokar 2008 da ta wajabta wa gwamnatin Amurka tabbatar da cewa Isra'ila ta fi maƙwabtanta ingancin makamai, ta yadda ko Saudiyya za a sayar wa jirgi sai an duba wannan sharaɗi.

Amma a ganina kuɗin ba su ne babban tallafi ba. Isra'ila ta yau ƙasa ce mai arziki, tallafin shekara bai kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikinta ba. Babbar garkuwar tana Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Tun 1972 Amurka ta hau kujerar na-ƙi sama da sau 40 don kare Isra'ila, ciki har da ta Afrilun 2024 da ta hana Falasɗinu zama cikakkiyar mamba. Makami ana iya saye a wani wuri. Kujerar na-ƙi kuwa ƙasashe biyar ne kawai ke da ita.

A 2006 malaman jami'a biyu, John Mearsheimer na Chicago da Stephen Walt na Harvard, suka wallafa maƙalar da ta tayar da ƙura, suka faɗaɗa ta zuwa littafi a 2007. Hujjarsu ita ce tun da yaƙin cacar baka ya ƙare, Isra'ila ta zama nauyi ga muradun Amurka, kuma abin da ke riƙe da alaƙar shi ne ƙungiyoyin kamun ƙafa, musamman AIPAC. An zarge su da ƙin jinin Yahudawa, alhali sun bayyana ƙarara cewa ba ƙulla-ƙullar ɓoye suke nufi ba, siyasa ce a fili irin wadda masu kare 'yancin mallakar bindiga ke yi. Abin sha'awa, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙi yarda da su shi ne Noam Chomsky, Bayahude kuma tsohon mai sukar Isra'ila. Shi a ganinsa Amurka ce ke amfani da Isra'ila don riƙe yankin mai, kuma ɗora komai a kan masu kamun ƙafa rage wa daular laifi ne. Joe Biden da kansa, yana sanata a 1986, ya faɗa a zauren majalisa cewa da babu Isra'ila, da sai Amurka ta ƙirƙiro ta don kare muradunta.

Ba na raina ƙarfin AIPAC. A zaɓen fidda gwani na 2024, reshenta mai kashe kuɗin kamfe ya zuba sama da dala miliyan 14 don kayar da ɗan majalisa guda, Jamaal Bowman na New York, kuma ya faɗi. Sauran 'yan majalisa sun gani, sun kuma ɗauki darasi. Sai dai lissafin bai tsaya nan ba. Yahudawa kimanin kashi 2 cikin 100 ne na al'ummar Amurka, kuma kusan bakwai cikin goma jam'iyyar Democrat suke zaɓa. Amma matakan da suka fi faranta wa gwamnatin Netanyahu rai, wato mayar da ofishin jakadanci Birnin Ƙudus a Mayun 2018 da amincewa da mallakar Tuddan Golan a 2019, Donald Trump ne ya ɗauke su. Wa yake faranta wa? Kiristoci 'yan bishara, miliyoyi masu yawa, waɗanda suka yi imani cewa komawar Yahudawa ƙasa mai tsarki cikar alkawarin Ubangiji ce. Ƙungiyar Fasto John Hagee mai suna Kiristoci Haɗe Don Isra'ila tana iƙirarin mambobin da suka zarce adadin Yahudawan Amurka baki ɗaya. A ɗaya gefen kuma, cikin matasan da aka kama a zanga-zangar adawa da yaƙin Gaza a Jami'ar Columbia da cikin ginin majalisar dokoki, akwai Yahudawa da yawa.

Adalci ya sa in kawo hujjar masu goyon baya yadda su da kansu za su kawo ta. Suna cewa an hallaka Yahudawa miliyan 6 a Turai saboda ba su da ƙasar da za ta kare su. Suna cewa Isra'ila na musayar bayanan sirri da fasahar yaƙi da Amurka, tana kuma taka wa Iran birki. Suna nuna 7 ga Oktoban 2023, ranar da Hamas ta kashe mutum kimanin 1,200, akasarinsu farar hula, ta yi garkuwa da kusan 250. Kisan farar hula ba shi da mafaka a addini ko a doka, ko wa ya aikata shi, kuma duk mai son a saurare shi a kan Gaza dole ya iya faɗin wannan ba tare da inda-inda ba.

Inda hujjarsu ke gurguncewa shi ne matsugunan 'yan kama-wuri-zauna. Lokacin da Yitzhak Rabin da Yasir Arafat suka yi musafaha a Fadar White House a Satumban 1993, Yahudawan da ke zaune a matsugunan Gaɓar Yamma, ban da gabashin Ƙudus, sun ɗan haura 100,000. Yau sun kai kimanin rabin miliyan. Shugabannin Amurka, ɗaya bayan ɗaya, sun yi ta cewa matsugunan na kawo cikas ga zaman lafiya, suna kuma ci gaba da sa hannu a takardar kuɗi. Wanda ke shiga tsakani a rikicin gona, alhali shi ke ba ɗaya ɓangaren garmar da yake cin iyaka da ita, ba zai yi mamaki ba in ɗayan ya daina zuwa zaman sulhu.

Kuma ba wai shugabannin Amurka ba za su iya taka wa Isra'ila birki ba ne. A 1981 Ronald Reagan ya sayar wa Saudiyya jiragen leƙen asiri na AWACS duk da adawar AIPAC, Majalisar Dattawa ta mara masa baya da ƙuri'a 52 da 48. A Agustan 1982 ya kira Firaministan Isra'ila Menachem Begin ta waya a fusace kan ruwan bama-baman da ake yi wa Beirut, ba a jima ba aka dakatar. A 1991 George Bush babba ya riƙe lamunin bashin dala biliyan 10 saboda batun matsugunai. Firaminista Yitzhak Shamir ya halarci taron sulhu na Madrid a wannan shekara, ya kuma faɗi zaɓe a 1992. Reagan da Bush 'yan Republican ne, kamar Eisenhower. Ku kwatanta da Biden: a Mayun 2024, bayan an kashe dubban mata da yara a Gaza, kaya guda na manyan bama-bamai ya dakatar, makonni kaɗan bayan ya sa hannu a ƙarin tallafin soja na kimanin dala biliyan 14. Trump ya saki bama-baman da ya dawo mulki a Janairun 2025. Amurka tana da dokar Leahy tun 1997, wadda ta haramta ba da tallafi ga rundunar da ake da ƙwaƙƙwarar shaida ta tafka take haƙƙin ɗan'adam. Mu a Najeriya mun san ta, don an kafa hujja da ita wajen hana sojojinmu wasu makamai ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram. Jami'an ma'aikatar harkokin wajen Amurka da suka yi murabus kan Gaza, irin su Josh Paul, sun ce idan aka zo kan Isra'ila kawar da kai ake yi.

Muhawarar dai yanzu ta bar ɗakunan karatu ta shiga rumfar zaɓe. A Fabrairun 2024 masu zaɓe sama da 100,000 a jihar Michigan suka ƙi zaɓen Biden a fidda gwanin jam'iyyarsa, suka dangwala wa gurbin "ba mu tsayar da kowa ba". Ƙuri'ar jin ra'ayi ta cibiyar Pew a 2025 ta nuna kashi 53 cikin 100 na manyan Amurkawa ba sa kallon Isra'ila da idon alheri, daga kashi 42 a 2022. Ƙudurorin Sanata Bernie Sanders, wanda shi ma Bayahude ne, na hana sayar da wasu makamai ba su samu ƙuri'a 20 ba a Nuwamban 2024, amma a Yulin 2025 ɗaya daga cikinsu ya samu 27. Har yanzu faɗuwa ce a majalisa mai kujeru 100. Ko a cikin magoya bayan Trump an fara jin masu tambayar me ya sa kuɗin harajinsu ke tafiya waje.

Ɗaliban kimiyyar siyasa da ke nan, idan kuna neman abin da za ku sa wa ido, yarjejeniyar dala biliyan 38 za ta ƙare a 2028, shekarar zaɓen shugaban ƙasa. Ku duba ko za a sabunta ta, nawa za a rubuta, ko za a gindaya sharaɗi kan matsugunai da yadda ake amfani da makaman, sannan ku duba sunayen sanatocin da za su kaɗa ƙuri'a da jihohin da suka fito.

Shugaban taro, a shirye nake in amsa tambayoyi.