Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Ake Sa Tsohon Injin Sassaƙa Ƙarfe Ya Bi Umarnin Kwamfuta

Jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙungiya, injiniya mazaunin Kaduna, ya gabatar a taron shekara-shekara



Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar in ce wani abu game da sana'ata. Tun da farko ina roƙon kada a ɗauka injin niƙa ko na markaɗe zan yi magana a kai. Injin da nake nufi shi ne na sassaƙa ƙarfe, wanda ake ɗaure guntun ƙarfe a kan teburinsa, wata wuƙa mai haƙora tana juyawa daga sama tana feƙe shi, har ya zama giya ko wani sashe na famfo ko na tarakta. Ma'aikaci yana tafiyar da teburin ne da hannaye uku da yake murzawa: ɗaya na dama da hagu, ɗaya na gaba da baya, ɗaya na sama da ƙasa. Mafi shahara a irinsa shi ne Bridgeport, wanda aka fara ƙerawa a Amurka a 1938.

Abin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne takaicin da na daɗe da shi. Bayan da masana'antu da yawa suka rufe a Kakuri ta Kaduna da Sharaɗa da Bompai a Kano, na ga irin waɗannan injuna da idona ana ɗora su a sikeli ana sayar wa 'yan gwangwan, alhali jikinsu garau yake. Irin wannan inji, in an yi masa aikin da ya kamata, kwamfuta na iya tafiyar da shi, abin da ake taƙaitawa da CNC.

Kada a zaci wannan dabara baƙuwa ce. A ƙarshen shekarun 1940 wani Ba'amurke mai suna John Parsons, wanda kamfaninsa ke ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu, ya kawo shawarar a riƙa tafiyar da inji da lambobi. Rundunar sojan saman Amurka ta ba shi kwangila a 1949, kuma a 1952 cibiyar fasaha ta MIT ta nuna injin farko mai bin lambobi daga wata doguwar takarda mai huji-huji. Abin lura shi ne, shi kansa wannan inji ba sabo aka ƙera ba. Injin sassaƙa ne na kamfanin Cincinnati aka ɗauko aka yi wa gyara.

To, yaya ake aikin? Matakin farko shi ne binciken lafiyar injin da agogon awo. In hanyoyin da teburin ke zamewa a kansu sun cinye a tsakiya, to kwamfuta ba za ta gyara wannan ba, sai dai ta maimaita kuskuren sau ɗari ba tare da gajiya ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Mataki na biyu shi ne zuciyar aikin. Abin da ke jan teburin wata doguwar sandar ƙarfe ce mai zare irin na noti. Tsakanin sandar da notinta akwai ɗan sako-sako, wanda ke ƙaruwa da tsufa. In ka murza hannu zuwa dama sannan ka koma hagu, za ka ji ya ɗan juya a banza kafin teburin ya motsa. Gwanin ma'aikaci ya san da wannan, yana kuma rama shi da hannunsa. Kwamfuta kuwa ba ta da wannan ji. Don haka ake cire tsohuwar sandar a sa wadda notinta ke ɗauke da ƙwallayen boris, waɗanda ke birgima cikin zaren babu sako-sako na a zo a gani.

A nan zan ba ku labarin wautata. A aikina na farko na ga tsadar sandar boris, na ce bari in yi dabara in bar tsohuwar. Da muka umarci injin ya yanka da'ira, sai ta fito da tabo a wurare huɗu, daidai inda teburin ke juya akala. Muka ɓata ƙarfen mai aiki, na biya daga aljihuna, daga baya kuma na sayi sandar da na guda. Ranar na yarda araha ba ta ado.

Mataki na uku shi ne a cire hannayen murzawa a ɗaura wa kowace sanda na'urar juyi mai aiki da lantarki, wadda muke kira moto. Iri biyu ne. Akwai mai taku, wanda yawanci ke kammala juyi ɗaya cikin taku 200. In sandar tana tafiyar da tebur milimita 5 a kowane juyi, ashe ke nan taku ɗaya kashi ɗaya ne cikin 40 na milimita. Yana da sauƙin kuɗi, amma in nauyi ya fi ƙarfinsa sai ya tsallake taku, kwamfuta kuma ba ta sani ba. Akwai kuma mai kai rahoto, wanda ke sanar da kwamfuta inda ya kai a kowane lokaci. Ya fi aminci, ya kuma fi tsada.

Mataki na huɗu shi ne akwatin lantarki da kwamfutar. Ba a bukatar sabuwa. Manhajar LinuxCNC, wadda ta samo asali daga aikin hukumar kula da ma'aunai ta Amurka, kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfutar ofis na iya ɗaukarta. Harshen umarnin ma ba shi da wuya. In aka rubuta G01 X50 F100, ma'anarsa wuƙar ta miƙe zuwa milimita 50 da saurin milimita 100 a minti. G02 kuma na yanka baka ne. Yaron da ya iya lissafin sakandare zai koya. Wajibi ne kuma a sa maɓallin tsayar da inji cikin gaggawa, da makunnai a ƙarshen kowace hanya, domin moto bai san hannun mutum ba.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu musamman. Na farko wuta: in ta ɗauke a tsakiyar yanka, injin zai manta inda yake, wuƙa na iya karyewa, don haka sai an tanadi batirin da zai riƙe kwamfutar da janareta mai ƙarfi. Na biyu ƙurar hunturu, wadda in ta haɗu da giris take zama kamar yashi a cikin boris. Dole a rufe sandunan, a kuma tace iskar da ke shiga akwatin.

Ba zan ɓoye muku ba, injin da aka gyara ba zai kamo wanda aka ƙera da kwamfutarsa tun daga masana'anta ba. Ba shi da saurinsa, kuma da hannu za a riƙa sauya masa wuƙa. In gyara ɗaya tak za a yi, gwani da hannunsa ya fi sauri. Amfaninsa yana bayyana ne in ana son abu hamsin iri ɗaya sak, ko siffa mai lanƙwasa da hannu biyu ba za su iya bi ba.

Roƙona gare ku guda biyu ne. Duk wanda ya ji za a sayar da irin wannan inji a inda yake aiki, ya sanar da sakataren ƙungiya kafin a kai shi sikeli, mu je mu auna shi. Sannan masu hali su ɗauki nauyin yara biyu ko uku daga cikin masu koyon walda da maƙera, su fara ƙwarewa a injin hannu tukuna, domin wanda bai san kukan wuƙa a jikin ƙarfe ba, ba zai san umarnin da zai ba kwamfuta ba. Ni kuma na yi alkawarin koyar da su ba tare da karɓar ko kwabo ba.