Kare Iyayenmu Daga Faɗowa Daga Gado



Maganarmu ta yau a kan iyayenmu take, waɗanda gigin tsufa ya kama, har ya zamana in dare ya tsala sukan farka cikin ruɗani, su nemi sauka daga gado ba su san inda suke ba, alhali kuwa ƙashin tsoho ya raunana, faɗuwa guda tana iya karya masa ƙugu.

To, ina mafita? Da farko, a rage tsayin gadon, a shimfiɗa abu mai taushi a gefensa. Sannan a bar fitila tana ci, a kai tsohon ya kama ruwa kafin barci, domin sau da yawa fitsari ne ke tayar da shi. Kada a ɗaure shi. Kada kuma a dogara ga shingen gefen gado, domin yakan haura, ya faɗo daga inda ya fi tsayi. In yana shan maganin barci, a shawarci likita, saboda maganin yakan kawo jiri.

Jama'a, birrul walidaini wajibi ne, wannan kulawa kuwa tana cikinsa. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu.