Amsoshin Wasiƙunku: Na biya kuɗin inshora, asibiti sun ce in jira

Wasiƙu biyu za mu ɗauka yau, duk a kan inshorar lafiya.

Ta farko ta fito ne daga wani manomi a yankin Nahuce, ƙaramar hukumar Bunguɗu. Ya ce ɗansa ya kwanta da zazzaɓi ana tsakiyar damina, ya sayar da tunkiya ya yi rajista. Da ya kai yaron asibiti bayan kwana biyu, aka ce sunansa bai fito ba tukuna, dole ya biya daga aljihu. Yana tambaya, shin cutarsa aka yi?

To Malam, Allah ya ba yaro lafiya. Jiran nan ƙa'ida ce. Laifin da na gani na wanda ya karɓi kuɗinka ne, da bai gaya maka ba tun farko. Shirin gwamnatin tarayya na NHIS, wanda aka yi dokarsa a 1999 ya fara aiki a 2005, ya rubuta a ƙa'idojinsa na 2012 cewa sabon shiga zai jira kwana 90 kafin ya fara amfana. A 2022 aka sake doka, hukumar ta koma NHIA. Mu nan Zamfara kuma muna da tamu hukumar ta taimakekeniyar lafiya, wato ZAMCHEMA. Kowane shiri da nasa wa'adin, saboda haka kafin ka miƙa kuɗi, sa jami'in ya rubuta maka ranar da katinka zai fara aiki a bayan rasit.

Me ya kawo jiran? Ka ɗauki misalin adashi. In mutum ya zubi ɗaya ya ce shi zai yi kwasar farko, daga nan a neme shi a rasa, ai uwar adashi ta shiga uku. Haka asusun nan yake, kuɗin masu lafiya ne ke jinyar marasa lafiya. Da za a bar kowa sai ciwo ya kama shi ya shigo, da tuni asusun ya ƙare. Sannan hukuma kan aika wa asibiti jerin sunaye tare da kuɗin kowane mutum. Wanda ba ya cikin jerin, ma'aikacin asibiti ba shi da inda zai rubuta maganinsa.

Shawarata ga manoma, ku yi rajista da kaka, lokacin da gero da dawa da waken suya suka shigo gida. Wanda ya biya a Disamba, ko kwana 90 aka ce, cikin Maris ya gama jira, daidai lokacin da zafi ke kawo sanƙarau da ƙyanda, kuma tun kafin sauron damina ya taso. Kada kuma a manta da sabuntawa in shekara ta zagayo.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce 'yar wani ƙauye a ƙasar Tsafe. 'Yan bindiga suka tashe su, yanzu tana zaune wajen 'yan'uwa a Gusau da 'ya'ya uku. An ce mata wai sai ta koma Tsafe za a rubuta ta.

Malama, kada ki bi wannan hanya saboda kati. Dokar 2022 mazauni ta ambata, ba ta ce sai ɗan asalin wuri ba. Wannan amsa ta shafi ɗan kasuwar Funtua ko Sakkwato da ke da shago a Gusau. Ke kuma shirin da ya fi dacewa da ke shi ne asusun BHCPF, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. An yi shi don marasa ƙarfi, da masu juna biyu, da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Ta ƙananan asibitocin mazaɓu yake aiki, mazaɓun nan namu 147.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, gurbin ba ya isar kowa, kuma 'yan gudun hijira su aka fi tsallakewa, don mazaɓar da suka baro ba ta ganinsu, wadda suka sauka ba ta san su ba. Ki je asibitin mazaɓar da kike kwana, da lambarki ta NIN, ki roƙi mai unguwa ya shaide ki. In dā can an rubuta ki a Tsafe, ki ce a sauya miki asibiti, kada ki yi sabuwar rajista. Ki sake rubuto mana abin da suka ce.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.