Mai Ciwon Sukari da Wayar Hannunsa



Manomin Ɗambatta ko Makoɗa ba ya tsoron waya. Da ita yake jin farashin gero a kasuwar Dawanau, da ita ɗansa ke turo masa kuɗi daga Legas. Idan ciwon sukari ya kama shi, zai so ta taimake shi. Wa zai ƙi ya auna jininsa a gida da safe kafin karin kumallo, ya faɗa wa ma'aikacin lafiya lambar, ya huta da kuɗin mota zuwa Asibitin Malam Aminu Kano?

Sai dai so daban, samu daban. Wayar dattijon manomin ƙarama ce mai maɓalli, cajinta ma sai an kai shagon mai janareto. In saƙon ma'aikacin lafiya ya zo da Turanci, dole a jira jika ya dawo daga makaranta. Tsinken gwajin kuwa sau ɗaya ake amfani da kowanne, in ya ƙare na'urar awon jinin ta koma ƙasan akwati.

Kafin Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, 14 ga Nuwamba, muna roƙon hukumomin lafiya su fara tura saƙon murya da Hausa, su kuma sauƙaƙa kuɗin tsinken.